Gafakar Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A gidanmu na Ƙofar Taramniya kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana ba da labarina ta ce "yarinyar nan", har na yi aure na haifi uku ina nan a yarinyar nan. Ƙannena kuwa ta kira su da suna, ta yi musu kirari, ta zaunar da su kan cinya. Kowa ya ce mini al'ada ce, ni ma na san al'ada ce, amma wallahi ta ci mini rai. Ko ranar da aka kai ni ɗakin miji a Unguwar Rogo ba ta fito ba. Na leƙa ɗakinta na tarar ta ba ƙofa baya tana rubutu, na tafi da fushina.

Rubutu kam ba ta rabuwa da shi. 'Yar gidan malamai ce, tana da kurtun tawada da alƙaluman kara da wata gafaka ta jan fata, jakar da take adana takardunta. Bayan la'asar ta shimfiɗa buzu ta duƙufa, leɓɓanta na motsi. Mu dai mun ɗauka addu'o'i take kwafa, ba wanda ya taɓa tambaya.

Bara ta rasu, da zafin bazara. Bayan sadakar bakwai ni na shiga gyaran ɗakinta, don ni ce babba, kuma ni mace ce mai gaggawa, ba na iya ganin aiki a ajiye. A ƙarƙashin gado na jawo gafakar. Ashe gara ta shige ta. Ina ɗagawa gutsattsarin takardu suka zubo ƙasa, duk rubutun tawada da wasali ja irin na Alƙur'anin hannu. Na ɗauka ayoyi ne. Ga jikoki suna shige da fice a guje, ni kuma ba ni da alwala. Na yi maza na sa tsumma mai tsabta na tattara, ban yarda hannuna ya taɓa ba, balle in tsaya dubawa.

A wurinmu takarda mai ɗauke da sunan Allah in ta lalace ba a zubar da ita a shara. Ƙona ta ake yi a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Haka na ga ana yi tun ina ƙarama, haka na yi. Na wanke kasko, na zuba su duka, da waɗanda gara ta ci da waɗanda ba ta ci ba, na kunna wuta ina salati. Na haƙa rami a gindin katanga na rufe tokar. Har wani sanyi na ji a raina, wai na yi wa Inna aikin lada.

Ranar addu'ar arba'in Gwaggo ta zo daga Ƙofar Marke. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma aminiyar Inna tun suna makarantar allo. Da mutane suka ragu ta jawo ni gefe, ta ciro tabarau daga jakarta ta goge da bakin mayafi.

"Ɗiyata, ɗauko min gafakar uwarki in karanta miki taki. Ta ce in ba ta da rai, in karanta miki."

"Tawa me, Gwaggo?"

"Waƙarki mana. Wadda tar rubuta ranar da anka kai ki."

Daga bakinta na ji cewa abin da Inna take duƙufa a kai shekara da shekaru waƙoƙi ne, da Hausa, cikin ajami. Ta yi wa mahaifinmu da ya rasu, ta yi wa rijiyar gidansu da aka cike, ta yi wa ɗanta da bai kai suna ba. Ba ta rera wa kowa sai Gwaggo, su biyu a ɗaki.

Na yi allo, na san baƙi da wasali. Da na tsaya na yi alwala na duba layi ɗaya tak, da na gane Hausa ce. Abin da ke ci na ke nan har yau.

Na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Na so ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta cire tabarau ta mayar jaka, ta ce, "Don Allah kinka yi. Allah shi karɓa."

Bayan kwana biyu na kasa haƙuri. Na hau babur ɗin kabukabu zuwa Ƙofar Marke da sabon littafi da biro, na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na ce ta taimake ni da duk abin da ta riƙe, ko baiti ɗaya ne.

Ta ajiye farantin ta rufe ido. Karin ya zo mata nan da nan, wani kari mai jan rai da na sha ji Inna tana gunguninsa wajen tankaɗe ban san na wane ne ba. Ta rera farkon, godiya ga Allah da salati ga Annabi, irin buɗewar da kowace waƙa take da ita. Ina bi ina rubutawa. Daga nan ta tsaya. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Sau huɗu muna haka.

"Ya tahi, ɗiyata. Tsuhwa ta ci shi. Daga nan na take shiga zancenki, baiti ya hi ashirin. Na dai tuna akwai ranar haihuwarki ciki, da wani ciwon ƙyanda da kinka yi tak kwana bakwai ba ta runtsa ba. Kuma sunanki na ciki, wuri uku."

Na ajiye biro. Na ce, "Gwaggo, sunana? Kin ji ta faɗe shi da bakinta?"

Ta girgiza kai.

"A'a. In ta kawo wurin sai ta yi shiru ta tsallake, ko ni kaɗai ce a ɗakin. A takardar dai nig gane shi, da hannunta."