Harshen Kuku

Tun yana saurayi Kuku yake girki a gidan abincin bakin tasha, kuma bai taɓa auna gishiri ba. Harshensa ne ma'auninsa. Ya lasa, ya lumshe ido, ya ce saura kaɗan. Ko mai gidan abincin bai isa ya kusanci tukunyarsa da cokali ba.

Yayarsa, wadda ta raine shi, ita ke wanke kwanuka a bayan kicin, kuma ita kaɗai ta san halin da bakinsa ke ciki. Gyambo ya fito a leɓe, kafin ya warke wani ya ɓullo a gefen harshe. A wurin Kuku kowa mai laifi ne: buroshi, barkono, ruwan famfo, har sanyin firji. Taba ce kaɗai waliyyiya. Abin da ya fi ƙona mata rai, in ciwon ya matsa masa sai ya murje tabar ya danna a kai, wai magani.

"Likita ya ce tabar nan ce ke hana bakinka warkewa," in ji ta. "Da kunnena na ji."

"Yaya, likitan ya taɓa dafa miya?"

Ta dube shi kamar ta kwaɗa masa faranti. Ƙato da furfura, amma taurin kan yana nan yadda ta san shi tun yana rarrafe.

Ita ta fara ganin abin da ke tafe, don kwanukan da a da ke zuwa mata a lashe sun koma zuwa da rabin abinci. Ba a jima ba mai gidan ya leƙo kicin ya ce in gobe aka sake barin abinci, zai nemi wani kuku.

Washegari Kuku ya juya miya, ya kai cokali baki. Idonsa ya kawo ruwa. Ban da zafi babu abin da ya ji. Ya waiga, ya sassauta murya.

"Yaya."

Cokalin yake miƙo mata. Tausayi ya kama ta, haushi ma bai sake ta ba. Ta goge hannu, ta buɗe masa tafinta. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya zaro kwalin tabar daga aljihu ya ɗora.

"Da ta bayan kunne," in ji ta.

Ya cire ya ba ta. Sannan ta karɓi cokalin ta lasa.

"Miyar lami ce," ta ce. "Zuba, zan gaya maka in ya isa."

Ya ɗebi gishiri, idonsa a kan bakinta.