Rigar da Wuƙa Ba Ta Taɓa Ba

Ina sabuwar ma'aikaciyar jinya a Maiduguri, farkon shekarun sittin, wata safiya 'yan doka suka kawo asibiti maƙwabcinmu na unguwar Fezzan, mai sayar da yadi a Kasuwar Litinin. Ya ce ɓarawo ya hauro katanga, ya kashe matarsa, shi ma ya yanke shi.

Matar nan ita ta riƙe ni kamar 'yarta lokacin da ban san kowa ba a garin. Ita ta koya mini gaisuwar Barebari, ita ke aiko mini da turaren wuta. Na wanke masa ciwon a hankali, ina hawaye, ina cewa, "Sannu, Baba."

Yanka uku ne a jere a damtsensa na hagu, ba zurfi. Tafin hannunsa kuwa lafiya lau, alhali wanda aka kawo wa wuƙa da tafi yake tarewa. Da na gama ɗauri, sai ya sauke hannun rigarsa daga kafaɗa, kamar wanda ya idar da alwala. Ya ce da rigar nan a jikinsa ya yi kokawa da ɓarawon, amma ko zare bai tsinke ba.

Sajan 'yan dokan ya ja ni gefe. "Malama, aikin ɓarawo ne wannan?"

Na ce ban taɓa jin ɓarawon da ke jira mutum ya naɗe hannun riga ba.

Da idona na ga marigayiya tana shanya rigar nan, tana lallaɓa ta. Ya ji tausayin riga, bai ji tausayin mai wanke ta ba.