Ambulan Uku a Aljihu Ɗaya

Katsina, shida saura kwata na asuba

Ana idar da sallah na rataya 'yar jakata, na daki aljihun gaba, na ji ambulan ɗin yana nan. Maiɗakina ta ce, "Sau nawa ke nan kana taɓa shi? Ko tafiyar Agadas ba ka yi wannan rawar jiki ba." Gaskiyarta. Na je Agadas, na je Kwatano, na je Kartum, amma ban taɓa tafiyar da ni ne makulli ba.

Bari in warware muku. Hafsatu, 'yar ƙanwata, tana digiri na uku a jami'ar da ke Wudil, kan tsaron kwamfuta, ɓangaren kulle saƙo da lissafi. Aikinta shi ne kulle tambayoyin jarrabawa yadda mutum ɗaya ba zai iya buɗewa shi kaɗai ba, ko shi ne shugaban makarantar. Makullin lambobi ne zalla. Ta raba shi kashi biyar, ta buga kowane kashi a takarda, ta liƙe a ambulan, ta ba mutum biyar da ba gari ɗaya suke ba. In uku suka haɗu, ya buɗu. In biyu ne, ko shekara za su yi suna lissafi ba abin da za su gani. Ranar da ta kawo nawa sai da ta maimaita: "Kawu, kada ya bar jikinka, kuma kada ka riƙe na wani." Na ce, "'Yar nan, shekara ashirin da biyu na yi a gidan waya. Ni za a koya wa riƙon ambulan?"

Yau ƙarfe sha biyu za ta kare aikin gaban wata Farfesa da aka gayyato daga wata jami'ar. Cikin mu biyar, ɗaya tana Umara, ɗaya yana jinya. Mu uku cif muka rage, kuma wahalar yarinya ta shekara huɗu tana aljihunanmu.

Shida da kwata motarmu ta cika muka ɗau hanya. A shingen da ke gaba da Kankiya wani jami'i ya leƙo, ya ga hannuna dafe da ƙirji.

"Baba, me ke aljihun?"

"Kashi ɗaya cikin biyar na makulli."

Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ku wuce."

Bichi, takwas da minti goma

Nan muka ɗauki Malam Sule, hedimasta mai ritaya, mai amana na biyu. Shekara uku na ba shi, kuma bai taɓa bari na manta ba. Muka gaisa tun daga iyali har dabbobi. Motar ba ta kai ƙarshen gari ba ya zaro ambulansa ya miƙo min da hannu biyu.

"Yaya, kai ne babba. Ina zaune kusa da kai da amana a aljihuna, ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

Wallahi ban yi wani tunani ba. Hannun da ya saba, in an miƙo ambulan shi dai karɓa yake. Na haɗa da nawa, muka ci gaba da hirar farashin gero.

Kano, tara da rabi

Cunkoson Dawanau ya ci mana minti ashirin. Muka hau adaidaita zuwa Unguwa Uku, direban yana ratsa motoci kamar shi ma yau zai kare digiri. Muka samu motar Wudil saura mutum biyu, mu ne muka cike ta. Kilomita arba'in da 'yan kai ne, titi shimfiɗe. Hafsatu ta kira sau biyu. Na ce, "Dakta, kwantar da hankalinki, komai yana hannuna." Ashe gaskiyar da na faɗa ta yi yawa.

Wudil, sha ɗaya saura minti biyar

Da muka hau gada na ga kogi shimfiɗe, masu kwale-kwale na ɗebo yashi, sai na ji zuciyata ta yi fari. A rumfar mai kifi muka tarar da na ukunmu, Malam Ɗanladi, manomi daga Acika, ya jingine babur yana jiranmu. Muka sa aka soya mana na dubu uku, da yaji da albasa. Kifin Wudil, jama'a, in ba ku ci ba ku yi niyya.

Muna ci Ɗanladi ya tambayi Sule ina nasa ambulan. Sule ya nuna ni da haɓa. Ɗanladi ya goge hannu a tsumma da sauri.

"Au, ni ne zan zama marar kunyar cikinku? Alhaji, ungo."

Ɗakin taro, sha biyu daidai

Farfesar 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Hafsatu ta tashi ta fara bayani, murya ba rawa. Rabin abin ya wuce ni, amma na kama wani wuri: ta zana lanƙwasasshen layi a allo, ta ce ɗigo uku ne ke nuna inda ya bi, ɗigo biyu kuwa layuka ba iyaka za su iya ratsa su. Na zunguri Sule na ce, "Ka ji, mu ne ɗigon." Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa ƙafa.

Can aka ce masu amana su fito. Na miƙe, na gyara hula, na taka gaban tebur, na zaro ambulan uku na jera su reras, yadda nake yi a kantar gidan waya shekaru da dama.

Na dubi Hafsatu, sai na ga fuskarta ta canza. A lokacin ne maganarta ta dawo min, kalma bayan kalma.

Farfesa ta ce, "Alhaji, tun yaushe suke wurinka?"

"Ɗaya tun Bichi, ranki ya daɗe. Ɗaya tun wurin mai kifi."

Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta duba bakinsu. Ta ce wa Hafsatu, "A liƙe suke. Lokaci na tafiya. Buɗe mu gani mana."

Yarinyar nan a hannuna ta koyi tafiya. Don kunya, har yau ko sunana ba ta iya faɗa. Ta sunkuyar da kai, na ga tana murza bakin mayafi. Sannan ta ɗago.

"Ba zan buɗe ba, ranki ya daɗe. Makullin gaba ɗayansa ya yi awa guda a aljihun mutum ɗaya. A ƙa'idar da na rubuta, ya mutu."

"Kawun naki kike zargi?"

"Kawu ko yanka shi za a yi ba zai leƙa ba. Amma tsarin bai san Kawu ba. Kuma da wani ya zare masa a tasha, duka ukun ya samu." Ta juyo. "Kawu, ka yi haƙuri."

Na ce, "Soke su, 'yar nan. Ni ma da ni ne ke, da na kori kaina."

A gabanmu ta yayyaga takardun. Ta sa kwamfuta ta haifo sabon makulli, ta kulle wasu tambayoyin, ta buga kashi biyar. Farfesa ta riƙe ɗaya, malamin Hafsatu ɗaya, mu uku kowa nasa. Minti arba'in aka yi, ina zufa kamar ni ake yi wa jarrabawar. Muka shigar da lambobinmu ɗaya bayan ɗaya, Ɗanladi da yatsa ɗaya yana bismillah a kowace lamba. Yana danna ta ƙarshe tambayoyin suka bayyana a allo. Sule ya manta shi hedimasta ne, ya hau tafi.

Farfesa ta cire tabarau. Ta ce da a ce Hafsatu ta buɗe na farkon, da sai ta dawo baɗi. Ta ce ta ci, da sharaɗi ɗaya: ta ƙara babi a kan abin da ya faru yau. "Duk mun yi tanadin ɓarawo," in ji ta. "Ba wanda ya yi tanadin masu kunya."

Na ce in dai za a sa ni a littafi, a rubuta cewa ban ɓatar da ko ɗaya ba.

Hanyar gida

Biyu da rabi muka baro Wudil da sabbin ambulan, da ƙullin kifin da Hafsatu ta sayo wa maiɗakina. A Bichi muka tsaya la'asar. Sule ya naɗe hannun riga gaban famfo, ya zaro nasa.

"Yaya, ɗan riƙe min in yi alwala."

Na maida hannuwana baya na haɗe su. "Sa a hularka."

Ya sa a hula. Da ya zo shafar kai, sai ya cije shi a baki.

Bakwai da kwata na yi sallama a gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa direbobin da suka yi haƙuri da surutuna, na kuma gode wa Dakta Hafsatu, wadda ta kunyata kawunta gaban jama'a kuma ban taɓa jin daɗin kunya irin ta ranar ba.