Butar shayi a kan rediyona

Karatuna na lakkol, wato boko, bai yi nisa ba. Abin da na sani na rediyo duk taubashina ya koya mini, wanda ya yi aikin wayar tarho a nan Tawa har ya yi ritaya. Shi ya cike mini takardar izinin magana ta rediyo, kuma da shi muka haɗa rediyon magana cikin akwatin ƙarfe. Ni na liƙa da dalma, shi ya naɗa bobin, wato siririyar waya da ake naɗewa a ɓangaren da yake kira osilater. Ya ce nan ne ke riƙe wa rediyo zangonsa, in ya motsa, magana ta ɓace.

Kullum bayan la'asar nakan kira wani malamin asibiti a Tebaram, mai irin wannan rediyo. Mukan gaisa lafiya lau. Kafin mu kai ga labarin damina sai muryarsa ta sirance, ta koma ta agwagwa, ta tafi.

Na fara zargin uwargida da taɓa maɓalli in tana shara. Ta daina share ɗakin, agwagwa ba ta daina ba. Sai na je fada, majalisar hirarmu, gaban mutane, na ce taubashina ya tsufa, hannunsa na rawa, ya naɗa mini bobin kamar gammo. Tsakaninmu zagi abinci ne, yakan kira ni bawansa in rama. Amma ranar bai rama ba. Ya sa takalmi ya tafi. Sati uku bai zo fada ba, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa gidansa.

Uwargida ce ta je ta ɗauko shi. Ya shigo bai dube ni ba, ya buɗe akwatin. Ya auna wutar batir, daidai. Ya bi dalmata ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ya ƙwanƙwasa bobin, ba abin da ya motsa. Ya rufe, muka kira Tebaram. Murya tar, har muna jin akuya a bayan malamin.

Ya ce, "To, yi abin da ka saba. Kar ka rage komi."

Na ce ba abin da nake yi sai shayi. Na hura gawayi. Buta ta tafasa, na sauke, na aje ta inda nake ajewa kullum don kada ƙasa ta taɓa gindinta: a kan murfin rediyo. Ba a jima ba malamin Tebaram ya fara zama agwagwa.

Taubashina ya dubi buta, ya dube ni. Ya ɗauke ta, ya karɓi mahuci ya yi ta yi wa akwatin fifita. A hankali mutum ya dawo mutum.

"Bawana, mi bobin ya yi maka da kake dafa shi? Zafi na taɓa wayar nan, zango ya tafi. Ko sukari za mu sa mishi?"

Daga bakin ƙofa uwargida ta ce, "Ni na daɗe da lura, in ya ɗora buta abin ke kuka."

Na ce, "Mi ya hana ki faɗa?"

"Maigida, ai ni mai shara ce. Ina ni ina injiniyoyi?"

Na ba shi haƙuri nan take. Ya ce a'a, a fada aka zage shi, a fada za a wanke shi. Washegari na tafi da butar a hannu, na tsaya na faɗi komi. An yi dariya har wani ya ƙware. Taubashina ya dawo mazauninsa, ya miƙo mini kofi ya ce bawa ya zuba.

Ita uwargida ban ba ta haƙuri ba sai bayan shekaru, kuma wannan ya fi damuna. Ta ce ta yafe, amma har yau ni ke share ɗakin.