Gyara-Zama a Gaban Masu Jari

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin. Tun daga mai gyaran takalmi na bakin titi har 'yan makaranta, Gyara-Zama kowa yake ce masa, domin ita ce maganar farko da yake jifan mutum da ita da zarar ya hau kujerar askinsa. Ko ka zauna cak kamar za a ɗauke ka hoto, sai ya dafa kafaɗarka ya ce, "Gyara zama." Kai ma sai ka gyara, ba ka san abin da ka gyara ba.

Shagon nasa yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai sayar da cajar waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya ce mai juyawa, wadda take kuka idan mai ƙiba ya hau, sai bencin masu jiran layi, sai babban madubi da ya fara dusashewa ta kusurwa. Yana ƙarami mahaifinsa ya kai shi wurin wani mai aski ya koyi sana'a. Ya daɗe yana share gashi da wankin tawul kafin a bar shi ya taɓa almakashi, domin maigidan nasa mutum ne mai zafi da tsabta, wanda gashi ɗaya ba ya kaucewa a gemunsa. A hannunsa ya koyi komai, har da yadda ake riƙe kan yaro mai kuka.

Surutu kuwa Allah ya hore masa. Ƙwallo, tsadar kaya, rikicin surukai, babu inda bai da ra'ayi. Amma fa da sharaɗi: sai yana tsaye a bayanka, yana kallon fuskarka ta madubi. Tare shi a hanya gaba da gaba ka sha mamaki. "Lafiya lau, lafiya lau," idonsa a ƙasa, har ya wuce. Matarsa ta sha faɗa wa 'ya'yanta cewa ranar da ubansu ya ce yana sonta, ƙeyarta ya faɗa wa, tana tafe da bokitin ruwa yana biye. Har yau idan magana mai nauyi ta taso, sai ya jira ta juya tana wanke-wanke, sannan bakinsa ya buɗe.

Yana da wani tunani na manhajar waya, wanda ya samo asali daga ciwon maigidan nasa. Ya je dubiya ya tarar da tsohon a kwance, gashi buzu-buzu, yana jan mayafi yana rufe haɓarsa don kunyar masu shigowa. Abin ya soki Gyara-Zama a zuciya. Ya koma ya ɗauko kayan aiki, ya tallafi kan tsohon da matashi, ya yi masa aski tas. Da ya miƙa masa ƙaramin madubi, tsohon ya duba ya ce a buɗe taga, a kuma bar baƙi su shigo.

Daga nan idonsa ya buɗe. Ashe gidaje cike suke da irin waɗannan, tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fitowa, 'ya'yansu na can wurin aiki. Me zai hana mutum ya latsa waya, a turo wa ubansa mai aski har gida, wanda ya iya aske kan mutum a kwance, ba ya gaggawa, ba ya yamutsa fuska? Ya daɗe yana ba ƙeyoyin mutane wannan labari. Su ce, "Kai, dabara ce!" su biya su tafi.

Da a hira kawai abin zai ƙare, sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, sai ya zo gyaran gaban goshi da reza yake jin sa. Ya je asibiti a ɓoye. Likita ya ce ba ciwon da yake kisa ba ne, magani zai rage shi, amma ba ya warkewa. Gyara-Zama bai faɗa wa kowa ba. Ya ajiye reza, ya ce wai an daina yayinta. Amma tsoro ya zauna masa a ciki. Yana tsoron ranar da zai yanki kunnen ɗan mutane, yana kuma tsoron abin da ya fi wannan, wato ya koma gida ya zauna ana kawo masa abinci ana yi masa sannu. Idan manhajar nan ta tashi, zai koyar da matasa, ya riƙa tura su gidaje, ya ci gaba da zama mai aski ko hannunsa bai riƙe komai ba.

Sai ya tunkari Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta yi karatun kwamfuta da kuɗin aski. Tana zaune tana aiki ya tsaya a bayan kujerarta ya zayyana mata komai, ban da maganar hannu. Ya zaci za ta yi dariya. Ina! Yarinya ta rufe abin da take yi ta ce, "Baba, sake faɗa min daga farko." Ta duƙufa har manhaja ta fara aiki a wayarta. Ta yi ta aika saƙonni, har wasu masu zuba jari suka ce su zo su yi bayani.

"Kai za ka yi magana, Baba," in ji ta. "Ni zan nuna musu yadda take aiki. Amma don Allah ka dube su ido cikin ido. Kuma idan suka ce me ya sa sai yanzu, ka ce don kowa ya mallaki waya."

Aka yi gwaji a falo. Matarsa ta hakimce a kujera ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wai ita ce mai kuɗin. Ya tsaya a gabanta ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai "To." Ta yi dariya har da hawaye. "Malam, ni da na haifa maka 'ya'ya ka kasa, ina ga baƙi?"

Ranar da aka sa, ya saka rigarsa mai dogon hannu da maɓallai, wadda mai wanki ya goge masa kyauta. Ɗakin yana saman wani dogon bene, ga sanyin na'ura kamar cikin firji, ga dogon tebur, ga ƙaton allon talabijin a bango. Mutum uku ne a zaune suna fuskantar allon: wata mata mai tabarau, wani dattijo mai sanƙo, da wani matashi wanda duk wanda ya yi masa aski bai ji tsoron Allah ba. Aka gaisa. Auta ta gabatar da shi, ta koma gefe da kwamfutarta.

Ido shida suka yi masa caa. Gogan naka ya tura hannun dama cikin aljihu, ya ce, "Ranku ya daɗe." Shi ke nan. Bakinsa ya mutu. Ya dubi tebur, ya dubi takalminsa, gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi. Shirun ya yi tsawo har allon bangon ya gaji ya mutu ya koma baƙi. Matashin ya duba agogo. Auta ta yunƙura za ta karɓi maganar, fuskarta duk tausayi, wannan tausayin kuwa shi ya fi komai ƙona masa rai.

Ya waiwaya don ya kauce wa idonta, sai ya ga fuskokin mutanen nan uku a cikin baƙin allon, reras kamar a shagonsa.

"Auta, bar shi a kashe," ya ce. Ya zagaya teburin a hankali ya tsaya a bayansu. Ya dafa kafaɗar mai sanƙo da hannun hagu. "Yallaɓai, gyara zama."

Wallahi sai dattijon ya gyara. Sai da ya gyara ya ankara, ya fashe da dariya, matar ma ta rufe baki. Gyara-Zama kuwa ji ya yi kamar yana shagonsa. Ya ba su labarin maigidansa da mayafin. Ya gaya musu yadda ake tallafar kan wanda ba ya iya tashi, yadda ake ɗumama ruwa, yadda marar lafiya yake miƙewa ya nemi abinci bayan ya ga fuskarsa fes. Ya ce wa mai sanƙo shi bai da abin damuwa, Allah ya riga ya yi masa nasa askin, amma gemu fa? Yana magana yana zagayawa, su kuma suna binsa da ido ta cikin allon, babu wanda ya juyo.

Sannan tambayoyi suka zo, kuma ba na wasa ba. Wa zai tantance mutumin da za a tura gidan tsoho shi kaɗai? Idan aka ji wa wani ciwo, wa zai ɗauki laifi? Auta ta kunna allo ta amsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, uban yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Matashin ya ce, "Baba, idan mai aski ya je gida sau ɗaya, ai lambarsa mutanen gidan za su karɓa, su daina bi ta manhajar."

"Haka za su yi kuwa," in ji Gyara-Zama. "Ni ma da ni ne, haka zan yi." Auta ta runtse ido.

Matar mai tabarau ce ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, ta fuskance shi. Babu allo, babu ƙeya. "Malam, 'yarka ta ce shagonka ba ya rabuwa da mutane. Ka daɗe da wannan tunani. Me ya sa sai yanzu?"

Amsar tana bakinsa, kowa ya mallaki waya. Amma matar ta tambaye shi tsakani da Allah, shi kuwa bai iya yi wa mutum ƙarya yana kallon idonsa ba. Ya zaro hannun daga aljihu, ya ɓalle maɓallin hannun rigar, ya ɗora hannun a kan tebur. Hannun ya yi ta karkarwa, har biron da ke kusa da shi ya fara motsi.

"Saboda wannan, Hajiya," ya ce. "Ya kusa ƙwace min almakashi. Ban iya komai ba sai aski. Ina so in ba yara abin da ke cikin hannun nan kafin ya zube."

Bai yarda ya dubi inda Auta take ba.

Ba su zuba ko sisi ba a ranar, kada a yi ƙarya. Mai sanƙo ya ce tambayar matashin tana nan ba a amsa ba, su je su gwada a unguwa ɗaya su dawo. Amma matar ta ce tana da kamfanin masu jinya da suke zuwa gidaje, kuma za ta haɗa su da masu askin da zai koyar, a ga abin da zai faru. Ta ce koyarwar a hannunsa take so ta kasance, ba a hannun wani ba. Ya yi godiya.

A kan matakala suka tsaya, Auta tana gaba yana baya. Ya yi gyaran murya ya ce wa ƙeyarta, "Ki yi haƙuri. Ban so ki ji a gaban baƙi ba."

Ta juyo. Idonta ya yi ja. "Baba, Umma ce ta fara lura, tun ranar da ka koma riƙe kofi da hannu biyu. Ita ta hana mu magana. Ta ce a bar ka sai ka shirya."

Ya yi tsuru-tsuru. "Ashe kun sani. To duk wahalar nan da kika sha, tausayina kika ji ke nan? Dabarar ba ta da kyau?"

"Tana da kyau. Da ba ta da kyau, da matar nan ba ta ɓata bakinta ba." Ta share ido da bayan hannu. "Amma ko da ba ta da kyau, Baba, da na yi."

Ya sunkuya zai mayar da maɓallin hannun rigarsa, ya ga yatsun hagun ma sun rikice, hannun dama ya ƙi tsayawa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Da jiya ne, da aljihu zai mayar da shi ya ce zafi yake ji. Sai ya ɗago ya dubi 'yarsa ido cikin ido, ya miƙa mata hannun yana rawarsa.

Ta saka masa maɓallin, amma ba ta saki hannun ba.

"Ke, sake ni, mutane na wucewa," in ji shi. Bai janye ba, haka suka sauka har ƙasa.