Nomau Sai-Gaba da akuyar da ba a yanka ba

Duk wanda ya taɓa shiga motar Nomau ya san abin da zan fara da shi. In rana ta yi ƙasa muka hango rumbunan wani gari, hayaƙi na tashi, kowa ya fara gyara zama yana tunanin tabarma da tuwo mai zafi, sai Nomau ya rage gudu, ya leƙa kai ta taga, ya shaƙi iska kamar mai sayen daddawa, ya yamutsa fuska ya ce, "Sai gaba." Daga nan sunan ya bi shi. Ku 'ya'yansa kun sani, har yau a Tasawa in ba a ce gidan Sai-Gaba ba, baƙo sai ya ɓata.

Na san shi a shekarun fari, bayan soja sun karɓi mulki. An ɗauke mu aikin yasar rijiyoyi da ƙara musu zurfi, daga ƙasar Maijirgi har ƙasar Mayahi. Motoci uku ne: Landiroba biyu da kamyo, wato babbar motar kaya, ɗauke da siminti da igiyoyi. Hanya kuwa babu, sai sawun amalanke cikin rairayi. Nomau shi ne babba a direbobi, shi ke gaba, don haka shi ke zaɓen inda za a kwana. Ni ne shugaban masu shiga rijiya, shi ya sa yake kirana Sarkin Rami. Direban kamyon kuma Labo ne, Allah ya ƙara masa lafiya, mutum mai jiki da son abinci.

Tsarin Nomau ɗaya ne. Ba a kwana cikin gari. Ko a tsaya kafin a kai, ko a wuce shi, a kwana a daji, da safe a shigo a yi aiki, kafin a sauke tukunya mun tashi. In ka tambaye shi dalili, ba ya rasa abin faɗi. Wani gari ya ce zakarunsu ba su san lokaci ba. Wani ya ce ya ji warin kuɗin cizo tun daga bakin gona. Akwai garin da ya ce maigarinsu ya cika gaisuwa, in aka fara ba za a gama ba sai isha'i. Mun taɓa tuna masa cewa bai taɓa ganin mutumin ba, ya ce ai daga yadda aka jera rumbunan ya gane.

Zaɓen masaukin ma wani aiki ne. Sai ya tsayar da mu, ya sauko, ya tuɓe takalma, ya zaga wurin yana taka ƙasa a hankali, mu muna cikin mota muna haɗiye miyau. Wata rana bayan duk wannan zagaye ya sauke mu tsakiyar ƙarangiya. Da gari ya waye kowa na zaune yana tsince ƙaya daga riga da gemu, Labo har a hammata. Muka taru a kansa. Shi kuwa yana saman Landiroba inda ya saba shimfiɗa tabarmarsa, ko ƙaya ɗaya ba ta taɓa shi ba. Ya leƙo ya tambaye mu ko an sace mana wani abu. Muka ce a'a.

"To kun gani. Wane ɓarawo zai ratsa wannan?"

Rowarsa kuwa ba sai na daɗe a kanta ba. In mun hau tudu za mu gangara, sai ya kashe mota don kar ta sha isansi a banza. Ganyen shayi in an dafa, sai ya baza shi a kan murfin inji ya bushe, gobe a sake dafawa, har sai ruwan ya fito fari kamar na alwala. Buhun shinkafar ayari a ƙarƙashin kujerarsa yake, shi ke aunawa da wani ɗan gwangwani, yana share bakinsa da yatsa.

Wata safiya muna shan wannan ruwan alwalar a gindin gawo, kusa da Mayahi, sai ga motar jandarma. Lokacin nan ganin motoci uku a ɓoye cikin daji ba abin wasa ba ne. Sarjan ya sauko fuska a ɗaure, ya duba kayanmu, ya tambayi abin da ya hana mu kwana a kamfama, gidan saukar baƙi na gwamnati, ga shi nan kusa da gadajen ƙarfe. Sai Nomau ya miƙa masa kofi, ya nuna Labo.

"Shef, don zaman lafiyar ƙasa ne. Wannan in ya fara minshari cikin gari, mutane za su ɗauka tankar yaƙi ce, su ce an sake juyin mulki."

Ni dai na ce yau a bariki za mu yini. Sarjan ya dubi Labo daga sama har ƙasa, sai dariya ta ƙwace masa, har ya dafa mota. Ya kurɓi shayin, ya dubi cikin kofin, ya ce wannan shayin shi ne laifin da ya kamata a kama mu da shi. Ya sa aka ɗauko mana ƙullin ganye sabo daga motarsu. Nomau ya yi godiya, ya soke shi a aljihu, ba mu sake ganinsa ba sai ranar sallah.

Mun zage shi a ɓoye, mun zage shi a fili, kuma bakina ya fi na kowa tsawo. Ina ce masa mutum ne da ya ƙi mutane. Ba ya musu, sai ya ce in hau mota.

Ranar da abin ya ƙi masa, muna ƙasar Sarkin Hausa ne, can wajen Mayahi. Akwai wani ɗan ƙauye da za mu yi wa aikin rijiya da safe. Nomau ya riga ya ce sai gaba, mun bi ta gefen gari, sai kamyon Labo ya kafe a rairayi daidai bayan dangar maigari. Ba gaba, ba baya. Mazan garin suka fito, duk sun rame, wandunansu na zamewa, suka yi ta tona suna turawa har motar ta fita dab da magariba. Maigari, wani dattijo dogo mai farar ƙasumba, ya kama hannun Nomau da hannu biyu ya ce yau mu baƙinsa ne. Mutanen da suka zubar maka da gumi haka ba ka ce musu zakarunsu ba su san lokaci ba. Dole Nomau ya bi shi. Mu kuwa murna kamar an yi mana bushara.

Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar gida. Ba a jima ba sai ga wani ya jawo akuya, wani na wasa wuƙa a dutse. Labo ya taɓa ni da gwiwar hannu yana lumshe ido. Sai na lura da garken gidan: turaku a jere, duk babu kowa, igiyoyi a yashe a ƙasa. Akuyar nan ita kaɗai ta rage, kuma mai nono ce. Uwargidan maigari na tsaye a bakin zaure da ƙwaryar tatsa a hannu, jikoki ƙanana sun riƙe mata zane. Ta kifa ƙwaryar a ƙirjinta.

Kun san yadda abin yake a ƙasarmu. Baƙo ya sauka gidan maigari, dole a zubar da jini, ko da abin da ya rage ke nan. In kuma baƙo ya ce a bari don ya ga babu, ya tsiraita mai gida a gaban mutanensa, gara ma ya mare shi.

Nomau ya miƙe yana salati, ya riƙe kai, ya tambaya ko so ake a kashe rijiyar garin. Maigari ya ce wace irin magana ce wannan. Sai Nomau ya shiga bayani, fuska ba ko murmushi, cewa masu aikin rijiya suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: ba a yanka musu ko kaza a gari sai ranar da sabon ruwa ya ɓullo, kuma ya kwana, kuma sun bar garin. In aka kuskura aka yi, ruwan sai ya nutse ya koma wata ƙasa. Ni da na gaji shiga rijiya daga ubana ban taɓa jin wannan ba. Sai ya juyo kaina.

"Ga Sarkin Rami nan, ranka ya daɗe, shi ne mai sana'ar. Sarkin Rami, ko ƙarya nake?"

Labo na taka mini ƙafa. Cikina na kuka. Na dubi tsohuwar da ƙwaryarta, na ce haka ne, har na ƙara da cewa a wani gari an yi, rijiyar ta koma ramin kura.

Maigari ya ce subhanallahi, a mayar da akuya maza. Amma ya damu, ya ce to da me zai karɓi baƙinsa. Nomau ya ce abu uku muke roƙo, kuma a gidan babba kawai ake samunsu: wuta, da babbar tukunya, da shi maigari ya ja mu sallar magariba. Dattijon ya gyara rawani, ya shiga gaba.

Da aka ɗora tukunya, Nomau ya jawo buhun shinkafar nan da kansa. Muna jiran gwangwani, sai muka ga ya kama gindin buhu ya tuttule rabinsa ciki. Ya tsaya yana faɗa wai hannunsa ne ya zame, kuma laifin Labo ne da ya tsaya masa a haske. Ya ce tunda ɓarna ta riga ta auku, a taimaka a kira mutanen gida da maƙwabta su rufa mana asiri, kar abinci ya lalace gwamnati ta tuhume mu. Garin nan kaf aka ci. Maigari na ta ba mu haƙuri kan asarar da muka yi.

Da safe, kafin in shiga rami, na same shi yana baza ganyen shayi a kan inji. Na ce ashe wannan ne dalilin sai gaba. Ya ce shi bai san abin da nake nufi ba, garin dai akwai kuɗin cizo, kuma mu biyu muna da istigfari a gabanmu.

Abin da bai hango ba shi ne labari ya fi mota gudu. Kafin mako ya zagayo, ƙa'idar Nomau ta kai ko'ina. Har bayan ruwa ya dawo, garkuna suka cika, in muka sauka gari sai a yi saurin kore kaji daga gabanmu don kar mu gani ranmu ya biya. Wani maigari mai shanu ya kawo mana tuwo da miyar kuka tsura yana alfahari cewa ya san dokarmu. Labo ya yi shekaru bai yafe ba. Duk sanda ya ga ɗan akuya ya gitta sai ya ce wa Nomau Allah ya isa, shi kuwa ya ce ai don lafiyar tayoyin kamyo ya yi.

Ranar sadakar ukunsa, wata mata mai furfura kaɗan ta zo daga ƙasar Sarkin Hausa a kan amalanke, da bunsuru ɗaure a baya. Ta ce ita ce ɗaya daga cikin yaran da ke riƙe da zanen kakarsu a bakin zaure, nonon akuyar nan ne ya fitar da su shekarar, kuma duk awakin gidansu daga gare ta suka fito. Ta tambaya a hankali ko yanzu ya halatta a yanka. Ku 'ya'yansa kuka dube ni. Na ce mata ruwa ya ɓullo, ya kwana, kuma mai motar ya bar gari. Labo ya ci yana share hawaye, bai bar ko ƙashi ba.

Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe masa ƙaryar nan, ya yafe mini tawa da zagin da na yi masa. Yadda ya rufa wa masu gida asiri, Allah ya rufa masa nasa. Allah ya sa masaukin da ya samu yanzu, in ya leƙa ya shaƙi iskarsa, ya ce nan ya yi, a sauke kaya. Amin.