Wankin da Ya Kusa Cinye Rijiya

A Zakka, in ana maganar tsabta, sunan Inna Zuwairatu ake fara kira. Toka da soso ba sa barin hannunta. Jikokinta kan ce in ka daɗe zaune kusa da ita, kai ma sai ta dirje ka.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, rijiyar tsakar gidanta. Marigayi mijinta Hamidu ya haƙa ta da hannunsa shekarar aurensu, sai ruwan ya fito zartsi, gishiri-gishiri. Ba ya shayuwa, sabulu ba ya kumfa, wake ya wuni a wuta bai nuna ba. Bana babban ɗanta Almustapha ya ce bayan girbi zai cike ta ya gina ɗaki a wurin. Inna ta ce sai dai bayan ranta, amma a zuci ta san ba ta da hujja.

Autarta Mahfuza, malamar kimiyya a Safana, ita ta zo da dabara: faranti mai murfin gilas, da baƙin ƙyalle da aka shafe da girafin, wani abu dangin gawayi. Ƙyallen zai kwanta bisa ruwan ya zuƙi zafin rana, tururi ya taru a gilas ya gangara cikin kwalba, gishirin ya zauna a baya.

Mahfuza ta haɗa komai ta tafi makaranta. Inna ta leƙa, ta ga abu baƙi ƙirin, ranta ya ɓaci. Ta ɗauko toka da soso.

Da la'asar Mahfuza ta tarar da ƙyallen fari fat, an shanya shi a igiya.

"Inna! Mi kika yi?"

"Wanke maki na yi. Wa zai sha ruwa cikin wannan dauɗa?"

"Ai dauɗar ita ke aikin!"

Mahfuza ta yi dariya har da hawaye. Inna kuwa kunya ta rufe ta, ga tsoro, don sai da aka yi sati uku kafin a samo wani ƙyallen, gero kuma ya fara nuna. Wannan karon gefe ta tsaya tana hararar abin, ta harɗe hannuwa a baya don kada su ci amanarta.

Ranar da kwalba ta cika, ta sa aka kira Almustapha, ta miƙa masa kofi. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, babu zartsi.

"Ruwan babanka ne," in ji ta. "Shekara arba'in yana jiranmu. Je ka nema wa ɗakinka wani wuri."